An Hana Ƙwayar, Saura Mai Shanta

Ranar Litinin, 30 ga Afrilun 2018, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya saki wani fim a kan maganin tari mai kodin. Kashegari, Talata, ministan lafiya na Najeriya, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da cewa an haramta haɗa maganin da shigo da shi ƙasar. Kwana ɗaya tak a tsakani. Ma'aikatar lafiya ta ce ba fim ne ya sa ta ba, dama akwai kwamitin da ya daɗe yana nazarin lamarin. Mai yiwuwa haka ne. Amma wanda ya san yadda takarda ke shekara a kan teburin gwamnati ba a ɗaga ta ba, ya san abin da ya sa aka ɗaga wannan a makon.

'Yar jaridar da ta ja ragamar binciken, Ruona Meyer, ba labarin nesa ta je nema ba. Ɗan'uwanta na jini ya faɗa shan kodin, ta ga abin da ya yi wa gidansu. Ita da abokan aikinta suka ɓoye kyamara, suka ɗauki wani jami'in kasuwanci na kamfanin Emzor yana sayar da kwalabe ta bayan fage, ba takardar likita, ba tambaya. Suka zo Kano, suka shiga cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, inda duniya ta ga samari da sarƙa a ƙafa, wasu na ihu, wasu sun zuba ido kawai. Jami'in da ke kula da wurin, Sani Usaini, ya ce a da mutum biyu ko uku ake kawo masa a mako, yanzu kuwa akan kai goma. Watanni kafin nan, a zauren Majalisar Dattawa, an ce kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa kaɗai. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku, Emzor da Bioraj da Peace Standard, daga baya ta buɗe su. Aka yi ta murna, aka ce an karya lagon kodin.

A daidai lokacin zangunan Accra ta Ghana suna fama da nasu bala'in. Nasu ba a kwalba yake ba, ƙwaya ce, tiramadol, wadda titi ke kira tiramol.

Wanda bai san Nima ba, ɗaya daga cikin zangunan nan, zai yi mamakin inda take. Ba bayan gari ba ce. Tana tsakiyar Accra, tafiyar ƙafa daga fadar shugaban ƙasa, maƙwabciyar Kanda inda aka buɗe babban masallacin ƙasa a 2021. Malam Amadu Futa ne ya karɓi filin daga hannun dangin Odoi Kwao na Osu a 1931, daga nan baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Mosawa, Dagwamba, Fulani, Wangarawa. Kowa da yarensa a ɗaki, amma da an fito lungu Hausa ce ke haɗa su. Babban kwalbati ya raba ta da Maamobi, gidaje sun cushe, ranar Laraba kasuwa ta cinye titi. A lunguna akwai abin da samari ke kira bes, irin majalisar da aka sani a Kano: benci biyu, inuwa, butar ataya a kan gawayi, da suna a bango, sau da yawa sunan wani birnin Amurka. A bes ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa kuɗi wa wanda ya yi haɗari ko zai yi aure, a nan ake musun ƙwallo har dare ya raba. A wasu kuma a nan ake fara miƙa wa yaro rabin ƙwaya. Zalunci ne a ce duk haka suke, kuma Nima ta gaji da baƙin fentin da jaridun Accra suka daɗe suna shafa mata, alhali ƙwayar nan ba ta tambayar unguwa ko addini. Amma ƙarya ce a ce babu.

Tiramadol magani ne na gaske. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1962, ya fara sayarwa a 1977, ana ba wanda aka yi wa tiyata ko mai karaya. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai. Wanda ke yawo a tashoshi da lunguna kuwa, lambar da ke jikin fakitinsa 120 ce, ko 225, ko 250. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Ƙwaya biyu 'yan 225 sun riga sun tsallake wannan iyaka, wanda ya saba kuma ba ya tsayawa a biyu. Ana haɗiye ta da ruwa, ana jefa ta cikin lemon ƙara kuzari. Ɗan okada yana sha don ya jure aikin dare, lebura don kada ya ji nauyin siminti, wani don kada ya ji kunya a gaban mace, ɗalibi don ya kwana a kan littafi jajibirin jarrabawa. Babu wanda ya fara da niyyar lalacewa. Idan ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya: sai a ga saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana kakkafewa, kumfa a baki, 'yan gida su ce iska ce ko jifa.

A 2018 ɗin dai Ghana ta hana maganin tari mai kodin, ta tsaurara sayar da tiramadol. Indiya, inda mafi yawan ƙwayar ke fitowa, ta saka ta cikin jerin magungunan da doka ke sa wa ido tun watan Afrilu. Nan ma aka ɗauka an gama.

Masu masana'anta ba su rufe ƙofa ba, sun canza abin da suke zubawa a inji ne. A Fabrairun 2025, shekara bakwai bayan fim ɗin kodin, BBC ta sake fitar da wani. Wannan karon kyamarar ta shiga ofishin kamfanin Aveo Pharmaceuticals da ke yankin Mumbai. Abin da ake haɗawa a can sinadari biyu ne a ƙwaya ɗaya: tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofurodol, maganin sakin jijiya da Turai ta daina amfani da shi saboda yadda yake kama mutum. Babu ƙasar da ta amince a haɗa su wuri ɗaya, domin tare suna iya danne numfashi. Ana zuba su a fakiti masu sunaye iri-iri, Tafrodol, TimaKing, Super Royal-225, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ghana da maƙwabtanta. Ɗan jaridar ya yi shigar ɗan kasuwa, ya faɗa wa wani daraktan kamfanin, Vinod Sharma, ƙarara cewa matasa zai sayar wa. Daraktan ya amsa cewa abin yana da illa ƙwarai ga lafiya, amma kasuwanci kenan. Kamfanin ya musanta zargin daga baya. Cikin 'yan kwanaki hukumar magunguna ta Indiya ta janye izinin haɗa ƙwayar da fitar da ita, jami'an jihar Maharashtra suka dira masana'antar suka kwashe kaya.

A cikin fim ɗin an ga birnin Tamale na Ghana, inda wani basarake, Alhassan Maham, ya gaji da jira ya tara 'yan sa-kai wajen ɗari, suna bin dillalai lungu-lungu, suna ƙwace ƙwaya suna cinna mata wuta a bainar jama'a. A Accra kuwa ƙwayar da sunanta ya cika bakin matasa ita ce Red, har gwamnati ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da ita a shekarar.

Fim biyu, haramci biyu, kowanne cikin ƙasa da mako. Aiki ne babba, ba mai raina shi. Sai dai haramci yana sauka ne a tashar jirgin ruwa da kantin magani. Ba ya shiga jikin wanda ya shekara biyu yana haɗiyar 225 kowace safiya.

Ranar da irin wannan mutum ya rasa ƙwaya, ko ya yi niyyar bari, jikinsa ne ke fara yi masa tawaye. Hamma, majina, hawaye ba kuka ba. Gumi da sanyi a lokaci guda. Ƙashi na ciwo, ciki na murɗawa, gudawa, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Tiramadol kuma, da yake yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu daidaita walwala, yakan ƙara da fargaba da baƙin ciki marar dalili. Mafi tsananin wannan yakan wuce cikin mako guda ko fiye kaɗan. Rashin barci da kasala da jin cewa duniya ba ɗanɗano kuwa suna iya jan watanni. Akwai kuma tarkon da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da sabo. Idan ya koma ya haɗiyi adadin da ya saba sha a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi. Fitowa daga jinya, ko daga kurkuku, lokaci ne mai haɗari fiye da shigarta.

Ina ake kai shi? A ƙasar Hausa amsar da aka gada ita ce gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu a ɗaure, jikinsu duk tabon duka. Cikin makonni aka fasa wasu a Daura da Katsina da Zariya. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biya. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rashin wurin kaiwa ne. A Ghana kwatankwacinsa shi ne sansanonin addu'a, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta tarar da mutane ɗaure a jikin bishiya a 2012, shekarar da ƙasar ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar, na Accra da Ankaful da Pantang, dukkansu a kudu. Pantang, wanda aka buɗe a 1975, yana da sashen jinyar masu shaye-shaye, amma galibi aljihun iyali ne ke ɗaukar nauyi.

Ghana ta yi wani abu da ya cancanci yabo a 2020. Tsohuwar dokar 1990 tana ɗaure mai sha shekara biyar aƙalla. Sabuwar, mai lamba 1019, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwaya don amfanin kansa tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, ta kuma tanadi asusun jinya. Ci gaba ne, ko da yake yaron Maamobi da ba zai iya haɗa sidi 2,400 ba, gidan yari dai zai kwana.

To a ce komai ya tafi daidai. A ce ɗalibi ne ɗan Zango, cikin waɗanda karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya buɗe wa ƙofa, ya samu shiga Jami'ar Ghana da ke Legon, gida ya yi walima, lungu ya fara kiransa lauya ko dakta tun bai gama shekarar farko ba. A ce ya faɗa ƙwaya, an gane da wuri, an sayar da abin da aka sayar an kai shi Pantang, ya yi watanninsa ya fito fes. Duk lokacin da yake can, idan maƙwabciya ta leƙo ta ce, “Hajiya, kwana biyu ba ma ganin ɗan jami'arki,” amsar ita ce ya je Kumasi wurin kawunsa. Wannan rufin asiri soyayya ce, amma yana da farashi. Tunda ba a faɗa wa kowa ba, ba a faɗa wa jami'a ba. Simesta ta wuce, an rubuta masa faɗuwa a darussan da bai zauna jarrabawarsu ba, kuɗin makaranta ya tafi. Idan ya koma, ɗakin kwana ɗaya zai koma, ga abokin da suka saba raba fakiti, ga jarrabawar da tun asali ita ta koya masa ƙwayar, yanzu kuma ta ninku. Idan ya dawo hutu, bes ɗinsu na nan a bakin lungu, ba wata hanyar shiga gida. Maɗori ma idan ya kwance karan ɗori ba ya cewa mutum ya wuce filin dambe a ranar. Mu kuwa haka muke yi, in yaro ya sake faɗuwa mu ce dama ba shi da niyya.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan koma, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga makaranta don jininsa ya sake hawa. A dokokin yawancin jami'o'inmu kuwa, ƙwaya laifi ce da ke kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa, ƙarshenta dakatarwa ko kora. A Yulin 2025 ministan ilimi na Najeriya, Dakta Tunji Alausa, da shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, suka amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Hukumar ta sha cewa manufar ba hukunci ba ce, ganowa da wuri ne. Madalla. Amma a ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda, gwajin zai kama mutane da yawa, kuma washegarin sakamako ne za a san ko da gaske ake. In babu abin da ke jiran yaron sai takardar kora, an gano shi da wuri ne kawai don a jefar da shi da wuri.

Akwai inda aka taɓa tsayawa a kan wannan gaɓar aka yi wani abu dabam, kuma ba gwamnati ce ta fara ba. A Jami'ar Brown ta Amurka akwai wani farfesan adabin tsohuwar Girka, Bruce Donovan, wanda giya ta taɓa cin ƙarfinsa ya daina. Maimakon ya ɓoye, jami'ar ta ba shi muƙami a 1977 na kula da ɗalibai da ma'aikata masu fama da maye. Ba asibiti ya buɗe ba. Ofis ne da ƙofa a buɗe, da zaman mako-mako na waɗanda suka daina kwanan nan, da cin abincin rana tare. Ƙarfin abin shi ne ɗalibin da ke ganin kansa ƙasƙantacce zai shiga ya tarar da farfesa, mai furfura da daraja, yana ce masa ni ma na bi ta nan. Ya riƙe aikin fiye da shekara ashirin.

A Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey, an ɗauki wata mai ba da shawara, Lisa Laitman, a 1983. Ɗaliban da suka dawo daga jinya suka riƙa kawo mata kuka iri ɗaya: da rana suna lafiya, dare ne matsala, domin ɗakunan kwanan ɗalibai a can giya ce ke kwana a cikinsu. Ta yi ta bin hukumar jami'a har a 1988 aka ware musu gida nasu, na farko irinsa a cikin harabar wata jami'a a Amurka. Ba a kafa allo a ƙofa ba, don kada a riƙa nuna mazaunansa da yatsa. Suna zuwa lakca da kowa, suna zana jarrabawa da kowa, da yamma su koma inda ba wanda zai miƙo musu kofi. A Jami'ar Texas Tech kuma, Carl Andersen, shi ma tsohon mashayi, ya buɗe darussan horar da masu ba da shawara a 1986, sai ya ga ajinsa ya cika da ɗaliban da su kansu suke fama. Ya mayar da abin cibiya, ya nemo musu tallafin karatu daga masu hannu da shuni, da sharaɗin mutum ya riƙe kansa, ya halarci zama, ya kuma ci jarrabawa. Wato bai ɗauke su marasa lafiya da za a lallaɓa ba, ɗalibai ne da ake jiran sakamakonsu.

Yau irin waɗannan shirye-shirye sun haura 100 a Amurka. Wani bincike da Alexandre Laudet ta jagoranta ya tambayi ɗalibai 486 a jami'o'i 29, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce ba don shirin ba da ba sa makaranta. A 2015 New Jersey ta mayar da irin gidan Rutgers doka a kan manyan jami'o'in gwamnati masu yawan ɗaliban kwana. A Ingila, Jami'ar Birmingham ta buɗe nata shirin a 2021.

Mai karatu zai ce wannan Amurka ce, mai kuɗi. Gaskiya ne, amma ɓangaren labarin da ya iso Ghana talauci ne ya haife shi. A 1975, a garin Silver Spring na jihar Maryland, ƙaramar hukuma ta ce za ta rufe wani gidan da take ajiye mashayan da suka fito daga jinya, don babu kuɗi. Mazauna gidan su 13 ne, cikinsu har da Paul Molloy, lauya da ya yi aiki a Majalisar Dattawan Amurka kafin giya ta raba shi da aiki da iyali. Suka ce ba inda za su. Suka karɓi hayar gidan da kansu, suka raba kuɗin, suka zaɓi shugaba da ma'aji daga cikinsu. Dokar farko da suka soke ita ce ta wa'adin wata shida, domin sun ga da idonsu kusan duk wanda wa'adi ya fitar, kafin wata ya zagayo ya koma ruwa. Suka bar ƙa'idoji uku: gida yana mulkin kansa da ƙuri'a, kowa yana biyan kasonsa, wanda ya sha kuma ya tattara kayansa a ranar. Ba likita a ciki, ba mai gadi, ba sarƙa. Suka kira shi Oxford House. Yanzu irinsa sun wuce 3,000. Masu bincike a Jami'ar DePaul sun bi mutum 150 har shekara biyu, suka tarar kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka zauna a irin gidan sun koma sha, na waɗanda aka sallama gida kai tsaye kuwa kashi 65.

A 2009 gidauniyar Hopeful Way ta buɗe irin wannan gida a Oyarifa, bayan garin Accra, da taimakon wani Ba'amurke, Byron Merriweather, wanda shi ma a Oxford House ya miƙe. A 2012 aka ƙara da cibiyar jinya ta House of St. Francis a Ashaiman, tare da cocin Katolika.

Wanda ya hau motar haya ta tirotiro daga Nima ya nufi hanyar Aburi zai ga abin mamaki. Zai wuce asibitin sojoji na 37, ya wuce ƙofar Jami'ar Ghana a Legon, ya ratsa Madina ta mahaɗar Zango, ya wuce Adenta, ya ga kwanar Pantang, ya sauka Oyarifa. Unguwar, da jami'ar, da asibitin, da garin da aka fara gidan, duk a kan titi ɗaya suke, kuɗin mota kaɗan ne tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki takarda daga likitan Pantang ya kai wa magatakardar jami'a, a rubuta wa yaro hutun jinya maimakon faɗuwa, a ajiye masa gurbinsa, sannan a samu ɗaki huɗu ko biyar kusa da makaranta inda shi da irinsa za su kwana.

Ni a ganina Zango ta fi garuruwan da suka ƙirƙiro abin kayan aikinsa. Abin da Laitman ta yi shekara biyar tana roƙo, wato samari su zauna tare, su san halin juna, su tambayi wanda bai fito ba, shi bes ke yi kullum ba da kasafin kuɗi ba. Bambancin kawai abin da ke zagayawa tare da kofin ataya. Akwai masallaci a kowane lungu, akwai zakka, akwai sarakunan ƙabilu, akwai ofishin Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda maganarsa ke kashe wutar da 'yan sanda suka kasa. Wanda ke ƙyamar zaman masu dainawa don yana ganin na coci ne, ya sani Musulmin Baltimore sun kafa nasu tun 1989, Millati Islami, a kan tuba da salla da zikiri. Malamanmu kuma sun fi kowa sanin labarin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda giya, har wani ya tsine masa, Manzo ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ana karanta shi a zaure. A ƙofar gida ne ake mantawa da shi, ranar da aka zo neman aure aka ce ai yaron ya taɓa zama Pantang.

Abin da zai fi yi mana wuya shi ne ƙa'ida ta uku. Mu mutanen alfarma ne. Ranar da aka ce ɗan wane ya sha, ya fita, kafin magariba kawunsa ya iso da carbi a hannu yana cewa a duba zumunci, a yi haƙuri wannan karon. Mazauna Oxford House sun ƙi wannan tun 1975, ba don rashin tausayi ba, sai don sauran mutum tara da ke cikin gidan, waɗanda fakiti ɗaya a ƙarƙashin katifa ya isa ya kwashe su duka. Amma ba sa soke sunan wanda suka kora. Idan ya koma jinya ya sake tsayawa da ƙafarsa, yana iya dawowa neman gurbi. Zai zauna a gabansu su yi masa tambayoyin da likita ba zai iya ba, domin duk ƙaryar da zai yi sun riga shi yin ta. Sannan ya ba su wuri a kaɗa ƙuri'a. Sai kashi 80 cikin 100 sun amince. A gida mai mutum goma, in uku suka ce a'a, sai ya nemi wani gidan.